Bindigar Maigidana a Ƙarƙashin Hijabina

Shekarun da muka yi a Birnin Kudu, mutanen unguwarmu sun san maigidana ma'aikacin gwamnati ne, amma ba su san wane irin aiki yake yi ba. Ba ya sa kaki. Da safe zai fito da kaftani da hula kamar malamin makaranta, ya tada babur ya tafi. In an tambaye ni sai in ce a ofis yake, kuma ban yi ƙarya ba, akwai ofishin. Jami'in tsaro ne na farin kaya. Ni kuwa ɗinki nake yi a gida, kayan mata da na yara, da keken da na zo da shi daga gidanmu.

Na san aikinsu da bindiga, amma a da a ofis yake barin tasa. A shekarar da aka fara ɗaukar mutane a ƙauyukan bakin daji ana neman kuɗin fansa, sai aka sa shi cikin masu bin sawun lamarin, aka kuma ce kada ya rabu da ita duk inda za shi. Bai gaya mini ba. A wajen wanki na gane. Singiletinsa duka sun yi wani baƙin tabo na mai a gefen dama, sabulu ba ya fitar da shi, ga kuma ɗigon jini da ya bushe a ƙasan tabon. Sai na fara lura da shi. In ya zauna cin tuwo a karkace yake zama, ƙafa ɗaya a miƙe. In zai tashi sai ya dafa bango.

Wata ranar Asabar da hantsi, yara sun tafi islamiyya, na ɗauko singileti ɗaya na ajiye a gabansa.

"Malam, wannan jinin na mene ne?"

Ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya ce in tura ta. Ya ɗaga rigarsa. Abin yana soke cikin zariyar wando, baƙi ƙirin, kuma ya fi yadda nake zato girma nesa ba kusa ba. Ni a tunanina ƙaramar bindiga aba ce da za ta ɓace a tafin hannu. Wannan kuwa bakinta ya sauka har wajen cinyarsa, mariƙinta ya tokare masa haƙarƙari. Nauyinta yana jan wandon ƙasa, shi ya sa yake ɗaure zariya tamau, zariyar ta yanka fata, ƙarfen kuma ya goge wurin har ya zama ciwo mai ruwa.

"Ita aka ba ni," ya ce. "Akwai kuben da ta zo da shi, amma na masu kaki ne, a waje ake rataya shi. In na sa shi a cikin riga, yaro ma zai gane."

"To in an gane fa?"

"Inda nake shiga, in an gane ba zan dawo ba."

Ya faɗe ta ne a hankali, yana gyara riga, kamar maganar cefane. Ni kuwa na zauna a bakin gado. Bayan wani ɗan lokaci ya ce ko zan iya ɗinka masa wani abu. Ba zai iya kai wa baduku ba, ba zai iya kai wa tela ba, don duk wanda ya auna ya san abin da ya auna.

Na ce zan gwada, amma ba zan taɓa ta ba. Ya yi murmushi, ya zare harsasan ya zuba a hularsa, ya ɗora ta a kan wani kwalin taliya da na ɓare, ya ce in zagaye ta da alli. Zanen farko ya fito a karkace, sai da na sake. A ƙarshe dai sai da na ɗaga ta, don ɗinki ba ya yiwuwa ba ka san nauyin abin da zai ɗauka ba. Sanyi gare ta kamar tulu, da wani warin mai da ya kwana a yatsuna.

Muna da fatar ragon layya da aka jeme mana, muna shimfiɗa wa yara. Ita na yanka. Na sa gefen gashin ta ciki inda zai taɓa jiki, na ninka da guntun yadi mai kauri, na yi masa ɗamara mai faɗi irin majanyin goyo, da igiyoyi a baki. Allurar keke ta karye sau da yawa, sai na koma da basilla ina yi da hannu, in na ji sallama in cusa ƙarƙashin tarin atamfofin mutane. Na farko da na yi ya yi ƙasa, in ya hau babur bakin bindigar yana dungurar kujera. Na biyu ya yi sama, ba ya iya sauke hannu. Duk lokacin da yara suka fita sai mu tura ƙofa, ya ɗaura, ya sa riga, in ce ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya tsuguna kamar mai alwala, ya miƙa hannu kamar mai gaisawa, ni kuma ina zagaya shi ina duba inda riga take tudu. Daga baya na farke kaftanansa duka na ƙara musu faɗi a gefe. Maƙwabciyata ta ce Malam ya yi ƙiba, na ce ai kuwa, hankali ya kwanta.

Ciwon ya warke. Ya koma zama daidai a tabarma, har yana cewa wani lokaci mantawa yake tana jikinsa. Wannan maganar ce ta fi tayar mini da hankali, don ni ban taɓa mantawa ba. In ya shiga masallaci ina tunanin kafaɗar da ke gefensa a sahu. In wani ya ce ya rage masa hanya a babur ina tunanin inda mutumin zai dafa. 'Yar autarmu a lokacin ba ta daɗe da iya gudu ba, ta saba in ta ji ƙarar babur ta ruga ta rungume shi a ƙugu. Sai ya koyi juya mata gefen hagu, ko ya tare ta da hannu tun daga nesa ya ɗaga ta sama. Wata rana ya shigo da kaya a hannu biyu, ta taho da gudu, sai ya ja da baya da sauri har ta faɗi. Ta yi kuka mai yawa, ba don faɗuwar ba. Ta ce Baba ba ya son ta. Ya tsaya da ledoji a hannu yana kallona.

A daminar shekarar aka kira ni daga gida, aka ce jikin Inna, mahaifiyata, ya tsananta, tana ta kiran sunana. Garinmu wani ƙauye ne a bayan Fagam, in ka bar kwalta sai ka bi burji, daga nan kuma 'yar hanya tsakanin gonaki. Muka bar yara wajen maƙwabciya, ya goya ni a babur. Kafin mu fita na ce ko zai bar bindigar yau kawai.

"A ina? Ƙarƙashin katifa, yara suna shiga suna fita?"

Na hau muka tafi.

Mun wuce Gwaram garin yana lumshe, hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin. Muna barin kwalta ruwa ya sauko, irin mai dukan fuska. Kafin mu sami mafaka mun jiƙe sharkaf. A wata mararraba muka ga rumfar kwano ta masu sayar da mai a kwalba, babu mai ita, amma akwai mutum uku da suka fake, da fartanyoyi da adduna a jingine, da alama daga gona ruwan ya koro su. Muka yi sallama suka amsa, suka matsa mana.

Ina sauka na dube shi. Farin kaftani ne a jikinsa. Ruwa ya manna shi da fata, duk faɗin da na ƙara bai yi amfanin komai ba. Ga ɗamarar nan ta fito, ga mariƙin, ga tsawon bakin, kamar da alli aka zana. Na matsa da sauri na tsaya a damansa, na manne da shi yadda ban taɓa yi a gaban mutane ba, na buɗa hijabina kamar ina kakkaɓe ruwa, na bar shi ya rufe gefen nasa. Ya gane. Na ji jikinsa ya ƙame.

Biyu daga cikin mutanen samari ne, suna hirarsu ta taki da tsadar maganin feshi. Na ukun babba ne, zai yi sa'an maigidana, dogo, siriri, da sanda a hannu. Shi bai ce komai ba tun da ya amsa sallama. Kallonmu kawai yake yi. Can sai ya ce:

"Yallaɓai, ba ka gane ni ba."

Babu mai ce wa maigidana yallaɓai in ba a wurin aiki ba. Samarin suka bar hirarsu suka juyo.

"Ka yi haƙuri, ban gane ba," in ji maigidana.

"Ni na gane ka. A kasuwa, ranar da kuka zo kuka tafi da ƙanena. Kai ne ka dafa kafaɗarsa ka ce ya zo ku gaisa da wani a mota. Ina tsaye da akuya a hannu."

Ruwa yana dukan kwano har sai an ɗaga murya. Na dubi addunan da ke jingine, na ga tsakaninsu da hannun samarin bai kai taku ɗaya ba. Hannun maigidana na dama yana ƙarƙashin hijabina, na ji ya motsa ya koma kusa da ƙugunsa. Na kama wuyan hannun na riƙe. Ban san me ya sa ba. Ina jin tsoron su taso mana, ina kuma jin tsoron ya fito da ita.

"Na tuna," maigidana ya ce. "Yaya gida?"

"Lafiya lau. Ina za ku da ruwan nan?"

Ni ce na amsa, na ce mahaifiyata ce ba lafiya, na faɗi sunan garinmu. Ina faɗa na yi da-na-sani. Mutumin ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ce kada mu bi hanyar da muka sani, ruwa ya cinye kwalbatin tun shekaranjiya. Akwai wata hanya ta bayan duwatsu inda ake tsallake rafin da ƙafa, su ma can za su bi, in muna so su raka mu su ɗauke mana babur.

Maigidana ya yi godiya, ya ce za mu gwada tamu tukuna. Da ruwa ya tsagaita muka hau muka tafi. Ina bayansa ina waiwaye. Na ce masa, "Tarko ne ko?" Ya ce bai sani ba. Ban taɓa jin ya ce bai sani ba a kan irin wannan.

Da muka isa wajen kwalbatin muka tarar maganar mutumin gaskiya ce. Hanyar ta yanke, jan ruwa yana wucewa da rassan itace. Ya kashe babur muka tsaya muna kallo. Ya ce mu koma gida, gobe a sake dabara. Na ce masa in Inna ta rasu yau tana kirana, ban san yadda zan yi da raina ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juya babur.

Suna nan a rumfar, kamar sun san za mu dawo. Babu wanda ya ce ai mun faɗa muku. Suka ɗauki kayan aikinsu suka shige gaba, mu kuma muna biye, yana tura babur a cikin taɓo, ni ina gefensa na dama. Hanyar ta ratsa ta cikin gero da ya fi mu tsawo, ba ka ganin komai sai ganye da bayan wanda ke gabanka. Daga nan ta bi ta gindin duwatsu. Babu gida, babu mai wucewa, wayarsa ma ba sabis. Duk karatun da na sani na yi shi a hanyar nan, wani na fara in manta ƙarshensa in koma farko.

A bakin rafi samarin suka tuɓe riguna suka naɗe a ka, suka naɗe wanduna. Suka ce sai mutum uku za su iya ɗaga babur ɗin, biyu a gaba ɗaya a baya, Yallaɓai ya tuɓe shi ma. Maigidana ya ce bari ya raka iyali ta kintsa. Muka zagaya bayan wani dutse.

Ya ɗaga riga ya fara kwance igiyoyin.

"Me kake yi?"

"Zan sa hannu biyu a babur, kafaɗata tana gogar tasu. Duk wanda ya so zare ta zai zare. Ke kuwa babu namijin da zai kai hannu jikinki."

"Malam, ba zan iya ba."

"Na kulle ta, ba za ta tashi ba. Kada ki taɓa komai, ki bar ta yadda take."

Ya ɗaga hijabina ya zagaya ɗamarar a ƙasan ƙirjina, sama sosai don kada ruwa ya kai, ya ɗaure a baya. Gashin fatar ya ɗauki ɗumin jikinsa. Ni na ɗinka abin nan, na san kowane zare da ke jikinsa, amma ban san haka yake ba sai ranar. Nauyin yana ja ta gefe guda, kowane numfashi sai ƙarfen ya tuna maka yana nan. Na sauke hijabi, na naɗe hannuna na hagu a kai kamar mai jin sanyi.

Da muka fito, dogon mutumin ya dubi maigidana da ke tsaye daga shi sai wando, ya dubi ƙugunsa inda tabon tsohon ciwon yake, sannan ya dube ni. Ya ce inda za a bi da babur ƙasan tsakuwa ne amma da zurfi, mata ta can sama suke bi inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Shi zai kai ni.

Na dubi maigidana. Ya ɗaga mini kai kaɗan. Ban san ko yana nufin babu komai ba ne, ko yana nufin babu yadda za mu yi.

Muka yi sama da bakin rafin ni da mutumin, har muryoyin su maigidana suka yi nisa. Ya shiga ruwa ya miƙo mini ƙarshen sandarsa, na kama da hannun dama. Ruwan da sanyi, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, zanina yana naɗe mini ƙafafu. Yana gaba yana lalube da ƙafa, bai waiwayo ba. Muna tsakiya ya fara magana.

"Ƙanen nan nawa har yanzu yana tsare. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a sake shi ba."

Na ce Allah ya fito da shi.

"Amin. Ni ban ce bai yi komai ba, Hajiya. Ya bi abokai, mun yi faɗa da shi har mun gaji. Amma tsohuwarmu idonta ya tafi, duk wanda ya yi sallama sai ta ce shi ne."

A can ƙasa ina hango babur a kan kafaɗu, da kan maigidana tsakanin kawunan samarin nan biyu, ruwa har ƙirjinsu. Na ga in ɗayansu ya saki, ko ya sa masa ƙafa, shi ke nan, kowa zai ce ruwa ne. Ina cikin wannan kallon ƙafata ta zame, na tafi har wuya ta gefe guda, na taso ina tari, hannuna na hagu yana nan a naɗe a ƙirji ban sake ba.

Sai a lokacin ya juyo. Ya dube ni sosai.

"Ki kama sandar da hannu biyu," ya ce. "Abin da kika riƙe ba zai faɗi ba, na ga an ɗaure shi da kyau."

Na sauke hannun na kama sandar. Hijabin ya jiƙe ya manne, na san abin da yake gani. Ya juya ya ci gaba da tafiya, ni ma na bi, muka fita.

Su ma sun fita lafiya. Babur ya ƙi tashi, samarin suka yi ta tura shi har ya kama. Maigidana ya sa hannu a aljihu, dogon ya ce a'a, ai hanyarsu ce. Suka tsaya nan suna matse riguna suna kallonmu, babu halin mu koma bayan dutse. Haka na hau da bindigar a jikina, mariƙinta yana dungurar bayan maigidana duk ramin da muka faɗa.

Na zaci a hanya zai tsaya ya karɓa, amma daga rafin gonakin garinmu suka fara, ko'ina mutane ana ta noma bayan ruwa, kowa yana ɗaga mana hannu. A ƙofar gida maza suka tare shi a zaure, mata suka ja ni ciki. Ɗakin Inna cike yake, gwaggonnina da maƙwabta da matan yayyena. Wata ta kawo mini zani da riga ta ce in cire jiƙaƙƙun kayan nan kafin sanyi ya kama ni. Na ce bari in ga Inna tukuna. Wata gwaggona ta kama gefen hijabin za ta taya ni cirewa, na riƙe, na ce kaina babu ɗankwali. Ta dube ni ta dubi yadda na takure, ta yi 'yar dariya ta ce wa na kusa da ita da alama an samu ƙaruwa ake ɓoye mana. Na bar su a haka.

Inna tana kwance ta rame, idonta biyu. Da ta gan ni ta ce in ɗaga ta, tana son ruwa, kuma ni take so in ba ta. Na zauna a bayanta na jingina ta da ƙirjina kamar yadda ake yi, ina ƙoƙarin karkata gefen da abin yake. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kurɓi ruwa, ta mayar da kanta baya, ƙashin bayanta ya sauka daidai kan ƙarfen. Mata sun kai goma a ɗakin, yara suna rarrafe a gabanmu, bakin bindigar yana kallon cinyata, kuma duk abin da na sani game da ita shi ne an ce an kulle.

Inna ta ɗan motsa kafaɗa. Ta kai hannu baya a hankali ta ƙarƙashin hijabin, ta shafa, ta bi tsawonsa da yatsu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Na mijinki ne?"

"E, Inna."

Na zaci za ta yi salati ta tara mini mutane.

"Matsar da shi gefe, yana danna ni."

Na matsar. Ta gyara kwanciya a jikina ta yi barci. Ban iya motsi ba har aka kira la'asar, ƙafafuna suka mutu, kayan suka bushe a jikina. Da ta farka ta ce wa matan su ba mu wuri, a kira mata surukinta su gaisa. Da ya shigo ya durƙusa, ta amsa gaisuwarsa, sannan ta juya fuskarta bango ta ce za ta ɗan rufe ido. A nan bayanta na kwance ɗamarar na miƙa masa. Inda igiyar ta bi ya yi mini ja har kwana biyu.

Inna ta tashi daga wannan ciwon, ta ƙara shekaru. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Da za mu koma muka zagaya ta wata doguwar hanya da mota ke bi, mai cin kusan yini guda.

A gida na ba maigidana labarin abin da mutumin ya ce a tsakiyar ruwa. Ya saurara bai katse ni ba. Na tambaye shi ko ƙanen mutumin yana da laifi. Ya ce akwai abin da aka same shi da shi, amma ba shi ne babba a cikin waɗanda aka kama ba, kuma maganar ta bar hannunsu tuntuni. Na ce ko zai iya tambaya a ji inda aka kwana. Ya ce zai gani. Ban sani ba ko ya tambaya.

Bayan 'yan makonni, wata rana da hantsi yana wajen aiki, ina kan keke, na ji sallama a ƙofar gida. Na sa hijabi na leƙa ta zaure. Dogon mutumin ne, da sandarsa, da ƙwarya a hannu an rufe ta da faifai. Ban taɓa gaya masa a Birnin Kudu muke ba, balle unguwa, balle gida.

Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin tsohuwa. Na ce da sauƙi. Ya ce ya shigo gari ne ya ce bari ya biyo, ga wannan a ba yara. Ya ajiye ƙwaryar a bakin zaure. 'Yar autarmu ta fito ta riƙe zanina tana leƙensa, ya dube ta ya ce, "Wannan ce ƙaramar?" Na tura ta baya da ƙafa. Ya ce a gaida Yallaɓai, a ce masa yayan yaron nan ne ya zo. Ya juya ya tafi, ba ya sauri.

Ƙwan zabi ne, an jera su cikin ƙaiƙayi. Na kulle ƙofa na zauna a tsakar gida ina kallon ƙwaryar har maigidana ya dawo. Ya ji bayani, ya buɗe faifan, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya jujjuya. Na ce roƙo ne ya zo yi, ko nuna mana ya yi ya san gidan? Ya ce zai iya zama duka biyun. Ya ce in dafa. Na dafa, shi ya ci, yara ban ba su ba, ni ma ban iya ci ba.

Daga ranar na daina barin yara su yi wasa a waje, na daina amsa sallamar namiji in ba ya nan. Matan da ke kawo ɗinki suka fara ƙorafin kullum ƙofata a kulle. Mutumin bai sake zuwa ba, ba mu kuma sake jin labarinsa ba. Da kaka ta yi maigidana ya sami wani gida a ɗaya gefen garin, kusa da inda abokan aikinsa suke, muka kwashe kaya. Maƙwabciyata ta tambaye ni dalili, na ce ɗakunan nan sun yi mana kaɗan.